Tagar da Magini Bai Huda Ba

Ranar da na fara zama gaban kwamfuta, takardar da nake bugawa ta ɓace mini ina kallo. Ban goge komai ba, ban kashe komai ba. Hannuna ne ya zame a kan linzami, na taɓa wani ɗan guntun layi can kusurwar dama ta sama, sai takardar da na kwashe rabin awa ina tsintar haruffanta ta shige ƙasa kamar ɓera ya ga kyanwa. Mai takardar, wani dattijo da ya taso tun da sassafe daga Turawa don a buga masa yarjejeniyar jinginar gona, yana zaune a benci a bayana.

Ya ce, "Ɗan nan, ina takardar tawa?"

Na ce, "Baba, tana nan."

Wallahi ban san inda take ba. Gumi ya keto mini. Wani ɗan bautar ƙasa daga Kudu da ke koyarwa a wata sakandare a garin, wanda shi ne ya haɗa mana wayoyin na'urar, ya miƙo hannu ya danna wani ɗan akwati a layin da ke can ƙasan fuska. Takarda ta dawo cif, ko waƙafi bai ɓata ba. Ya ce da guntuwar Hausarsa, "Ba komai, yana ƙasa." Dattijon ya girgiza kai ya ce shi dai a mayar masa da aikinsa kan tafireta, wadda ba ta haɗiye takardar mutane.

Wannan ya faru a Ƙaraye, ba da daɗewa ba bayan shigowar wayar salula a 2001. A lokacin na yi kusan shekara goma ina sana'ar bugun takarda, don na fara koyo ne a 1992, shekarar da aka gama madatsar ruwa ta Challawa. Maigidana tsohon akawu ne da ya yi ritaya, ya sayi Olympia tasa ya kafa tebur a wani shago kusa da kotu. Kafin irinsu, masu rubuta wa jama'a wasiƙa da hannu ne ke zama a irin wannan wuri, wani da ajami wani da boko, a rubuta maka ka dangwala babban yatsa. Tafireta ta zo ta gaje su, ta gaji har benci da masu zaman jira.

Wanda bai taɓa aiki da tafireta ba ba zai gane abin da kwamfuta ta ƙwace mana da farko ba. Teburin mai bugu kashi biyu ne. A gabanka ga keken rubutu da farar takarda a naɗe, wani lokaci da kabon biyu a tsakani don a samu kwafi uku. A gefe kuma ga rubutun hannun da kake kwafa, an danne shi da dutse ko kwalbar tawada kada iska ta ɗauka. Dokar maigida guda ce, kuma da rula yake koyar da ita a bayan hannu: idonka a kan abin da kake kwafa, yatsunka su nemi hanyarsu. Faɗin aiki shi ne faɗin takarda, fulskaf ce ko A4. Iyakar hagu da ta dama akwai wasu 'yan ƙarafa biyu da kake zamewa, in ka kusa bakin layi ƙararrawa ta yi ƙara, ka bugi hannun keke ya dawo. Lokacin jarrabawa a cire ribon a buga kan istansil, a kai wa injin Gestetner ya juyo ɗaruruwa. Haruffanmu masu lanƙwasa kuwa, ƙ da ɗ da ɓ, babu su a keken. Sai an gama bugu ka ɗauki biro ka bi su ɗaya-ɗaya kana yi musu ƙugiya. Wannan ciwon bai warke ba sai da salon rubutun Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro wa kwamfuta, suka iso mana daga Kano a cikin faifai.

To ita tagar fa, daga ina? Kalmar kanta baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama 'yar gida, daga Larabci muka aro ta. Ɗakin kakata a cikin gari tagarsa ba ta wuce faɗin faifan rufe ƙwarya ba, can sama kusa da rufi, in hunturu ya kama a cusa mata tsumma. Wanda ke son ya faɗaɗa ta sai ya kira magini, a fasa, a kwaɓa ƙasa, a jira ta bushe. Daga baya aka samu wundon katako da na langa-langa, sannan na gilashi mai faranti-faranti, sannan na alminiyam da ake zugewa. Shi ya sa abin ya ba ni dariya ranar da ɗan bautar ƙasar nan ya ce mini wannan akwatin da takarda ke ciki sunansa taga, kuma ina iya kama gefensa in ja ya buɗe ko ya tsuke yadda na ga dama. Tagar da ba ta shigo da iska, amma ba ta bukatar magini.

Asalinta can Amurka ne, a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya. A 1973 suka ƙera wata na'ura mai suna Alto, kuma abin da ya fi burge ni game da ita shi ne fuskarta a tsaye take kamar takardar wasiƙa, ba a kwance kamar talabijin ba. Masu takarda ne suka yi ta, don Xerox da injin fotokwafi ya yi suna. Daga nan gardama ta tashi tsakanin masanan: shin a jera tagogi gefe da gefe kamar tabarmi a masallaci, kowace da wurinta, ko a bar su su hau kan juna kamar takardu a teburin akawu? Kamfanin Apple ya zaɓi jibgawa a na'urarsa Macintosh ta 1984, sai dai ya ba ka wuri ɗaya tak da za ka kama ka ja, kusurwar dama ta ƙasa, kuma haka masu Apple suka yi ta fama har 2011 kafin a bar su su ja ta kowane gefe. Microsoft ya fito da Windows ta farko a watan Nuwamba na 1985 da tsarin tabarmi, tagogi ba sa hawa kan juna. A ƙarshen 1987 ta biyu ta fito da jibgawa, Apple ya kai ƙara kotu a 1988 cewa an yi masa satar fasali, aka yi ta shari'a har 1994 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi ba shi gaskiya. Maɓallan nan uku da kowa ya sani yau a kusurwar dama, guntun layi da akwati da gicciye, tare da layin ƙasa inda takardar dattijon Turawa ta je ta kwanta, Windows 95 ce ta kawo su a watan Agusta na 1995.

Duk wannan daga baya na karanta shi. Abin da ya iso mana Ƙaraye tsohuwar na'ura ce da ta gama aiki a wani ofis a Turai, aka sayo a titin Beirut a Kano, aka ɗoro a bayan mota an naɗe ta da bargo. Windows 98 ce a ciki. Manitar mai doro ce, inci 14, an rataya mata wani baƙin gilashi a gaba wai don kare ido. Faɗin abin da take nunawa 800 ne a 600. In ka buɗe Word a kan wannan, layukan kayan aiki sun cinye sama, dakali ya cinye ƙasa, abin da ya rage wa takarda bai kai tafin hannu biyu ba. Dakali shi ne sunan da muka sa wa layin ƙasan, tunda nan duk abin da aka sauke yake zuwa ya zauna. Shuɗin layin saman taga kuma muka ce masa goshi. Babu wanda ya koya mana waɗannan sunaye, kuma ko da aka fassara Windows zuwa Hausa a zamanin Windows 7, ban ga shagon da ya koma kanta ba a cikin waɗanda na sani. Hannu ya riga ya san wuri.

Dokar shagonmu ta zama "cika fuska". Kowane yaro aka kawo koyo, ita ce darasinsa na farko: da ka buɗe aiki, danna akwatin tsakiya taga ta cika fuska. In ya ɗan goge a nuna masa cewa ba sai ya yi ta farautar ɗan akwatin ba, ya danna goshi sau biyu a jere. Ni kuma da na gaji da maimaitawa, na shiga bayanan ɗan hoton Word da ke kan fuska, wurin da aka rubuta Run, na zaɓi Maximized, daga ranar kullum a cike take buɗewa.

Ja da gefen taga kuwa sai mai haƙuri, kuma laifin linzamin wancan zamani ne. Ƙwallon roba ne a cikinsa, yana gogar wasu 'yan sanduna biyu, su ke gaya wa na'ura inda hannu ya nufa. Ƙurar hunturu da gumin hannu sai su haɗu su yi wa sandunan zobe na baƙin datti. Kana son kibiya ta sauka daidai kan siririn bakin taga har ta rikiɗe ta zama mai kai biyu, sai ta yi tsalle ta wuce. Ka dawo da ita, ta maƙale. Ka ɗaga linzami ka buga a tebur, mai aiki yana kallonka. Magani shi ne ka kifar da shi, ka murɗe zoben ƙasa, ƙwallo ya faɗo a tafinka, ka sa tsinken tsintsiya ka kankare dattin har ya fito kamar zare, ka hure, ka mayar. Kowace Juma'a da safe aikin ƙaramin yaron shago ke nan. Ranar da linzami ya ƙi sam, akwai hanyar madannai: Alt da dogon madannin tazara tare, sannan X, taga ta cika.

Wannan Alt da tazara ya fitar da ni kunya fiye da sau ɗaya. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, kafin a ja janareta na'ura ta mutu. Da ta dawo sai ta tsaya tana duba kanta a shuɗin allo, wani lokaci kuma ta farfaɗo a gurguje, launuka sun koɗe, komai ya yi ƙato, faɗi ya koma 640 a 480. Tagar da kake son gyara abin a cikinta sai ta fi fuskar tsawo, maɓallin amincewa ya nutse ƙasa inda kibiya ba ta kai wa. Ko kuma taga ta buɗe can waje, kana ganin sunanta a dakali amma ita babu. Sai Alt da tazara, sannan M, ka riƙa janyo ta da madannan kibiya kamar mai janyo akuya daga gonar maƙwabci.

Guntun layin da ya firgita ni ranar farko shi ya zama amintaccena. Sana'armu sana'ar sirri ce. Takardar saki, takardar bashi, ƙorafin gado tsakanin 'yan uwa, duk ta hannunmu suke bi, kuma garin ƙarami ne. A tafireta in wani ya shigo sai ka kifa littafi a kan keke. A kwamfuta dannawa ɗaya ce. Na taɓa buga wa wata baiwar Allah takardar da za ta kai kotu, sai ga ƙanin mijinta ya shigo yin fotokwafi. Kafin ya gama sallama na sauke ta dakali. Da ya fita ta ce, "Malam, Allah ya rufa maka asiri." Yaran shago su ma sun gano amfaninsa ta wata fuskar. Kartar Solitaire da Microsoft ya sa tun 1990 don mutane su saba da jan linzami, ita suke bugawa, da sun ji takun maigida su sauke. Sun manta dakali ba ya rufa asirin kowa ga wanda ya iya karatu.

Ina da aboki a Rogo da muka daɗe muna gardama a kan wannan. Shi a Zariya ya koyo, kamar yawancin mutanen wajensu da ke bakin iyakar Kaduna da Katsina, kuma aikinsa ya fi karkata ga katin biki da kalandar 'yan siyasa da rasit na dillalan rake da hatsi, duk a CorelDraw. Bai yarda da cika fuska ba. Tagoginsa a jibge suke, wannan ta leƙo ta bayan waccan, hoto a nan, sunayen iyayen ango a can, yana tsalle tsakaninsu. Yakan ce ni ɗan tafireta ne da aka ba jirgi yake tuƙa shi kamar amalanke. Ni kuma in ce masa teburinsa kamar kasuwar da aka tashi da ruwan sama. Yanzu da na waiwaya, gardamar masanan Kalifoniya muke yi ba mu sani ba, kuma kowannenmu aikinsa ne ya zaɓa masa ɓangare.

Intanet ce ta karya dokata. Da rajistar JAMB da WAEC da NECO ta koma ta yanar gizo, aiki ya zama kwafe sunaye daga jerin da makaranta ta kawo a Excel zuwa fom a burauza, a kan modem da ke tafiya kamar hawainiya. Ni da na saba cika fuska, sai in duba jeri, in danna Alt da Tab in koma fom, in buga abin da na riƙe a ka. Wata shekara na musanya wa ɗalibai biyu masu suna iri ɗaya ranar haihuwa. Laifina ne ni kaɗai, ba na makaranta ba, ba na kowa ba. Uban ɗayan ya zo har shago, bai ɗaga murya ba, ya ce kawai, "Malam, shekara guda ka ƙara wa yarona." Kuɗin gyara da na mota zuwa Kano daga aljihuna suka fita. A hanyar dawowa na tuna rular maigida. Shekaru ina aiki ido a rufe daga abin da nake kwafa, abin da da a tafireta ne da na sha duka a kansa.

A Windows XP akwai dabara: ka danna dakali da gefen dama na linzami, ka zaɓi a jera tagogi a tsaye. Amma a ƙaramar manita kowace sai ta zama siririya kamar zirin saƙi. Gyaran gaske ya zo da abu biyu, manita mai faɗi marar doro, da Windows 7 da ta fito a watan Oktoba na 2009, ko da yake mu sai bayan shekaru ta zama ruwan dare a shagunanmu. Ka kama goshin taga ka kai ta bangon hagu, ta kama rabi cif. Ka kai ɗayar bangon dama, ta kama sauran rabin. Ka kai sama, ta cika. Da madannin Windows da kibiya ma haka. Snap suka sa masa suna. Ranar da na fara ganin jerin sunaye a hagu da fom a dama, na ce ai wannan teburin maigidana ne, dutsen danne takarda kawai babu. Abokina na Rogo ya ce ya ci gardama tunda na daina cika fuska. Na ce tabarmi ne aka jera, ba jibgi ba.

Ba duka ne alheri ba. Wani lokaci kana son matsar da taga gefe kaɗan sai ta fizge ta cika rabi. Akwai kuma wata tsiya da suka haɗo da ita, in ka kama goshi ka girgiza duk sauran tagogi su faɗi dakali. Da sanyin safiyar Janairu hannu na rawa, wannan ya sha faruwa da ni. Wanda abin ya dame shi, a Windows 10 da 11 ya shiga Settings, sannan System, sannan Multitasking, a nan ake kashewa ko a rage. Windows 8 ta 2012 kuwa ban ga ranarta ba. Sababbin manhajojinta fuska suke cikawa ba goshi ba gicciye, mutane suna kawo laftof suna tambaya ta ina ake fita. Masu ita ma sun ji jiki, a 2015 Windows 10 ta dawo da tagogi ta ƙara da kusurwa huɗu. Windows 11 ta 2021 in ka ɗora kibiya a kan akwatin tsakiya sai ta nuno maka zanen rabe-rabe ka zaɓa. Ni biyu sun ishe ni. Ido biyu gare ni.

Aiki bai ƙare ba a garin. Duk zangon da aka buɗe sansanin masu bautar ƙasa na Kusalla akwai fotokwafi da hoton fasfo. Da aka kafa masarautar Ƙaraye a 2019 mun kwana muna buga takardun taya murna, haka da aka sake tsara ta a 2024 ta ƙunshi Ƙaraye da Rogo. Sai dai wasiƙa ta mutu, waya ta kashe ta, kuma wayar ce ta haifo mana irin ɗaliban da muke gani yanzu. Tun da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, yara ke zuwa gwaji kafin jarrabawa. Sun fi ni saurin yatsa a waya nesa ba kusa ba, amma a waya kowane abu fuska yake cikawa, ba su taɓa ganin taga ba. Na ga yarinya ta sa yatsa biyu a gilashin manita tana buɗawa. Na ga yaro ya taɓa guntun layin nan tambayoyinsa suka shige dakali, ya ɗago ya dube ni da irin idon da na dubi ɗan bautar ƙasar nan shekara ashirin da wani abu da suka wuce. Na miƙa hannu na danna, na ce, "Ba komai, yana ƙasa."

Iyayen yara na Ƙaraye da Rogo, don Allah ku daina kawo mana su daren jajiberin jarrabawa. Ku kawo su da saura mako biyu, su riƙe linzami har hannu ya daina rawa.